Darasin Wannan Wata: Miji da Mata da Jakar Goyo a Garuruwan Asiya

A ranar 26 ga watan Disamba na shekarar 1972, wani mutum da matarsa suka shiga birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. Sunan mijin Tony Wheeler. Sunan matar Maureen. Kuɗin da ya rage a aljihunsu sent 27 ne kacal. Sent 100 ke yin dala ɗaya, kamar yadda kwabo 100 ke yin naira ɗaya. Ke nan ko sulusin dala ɗaya ba su da shi. Sun yi kusan wata shida a kan hanya tun daga birnin Landan.

Darasin wannan wata zai bi sawun waɗannan ma'aurata. Zai duba garuruwan da ke kan hanyarsu a Kudu maso Gabashin Asiya. Zai kuma duba abin da ya sami waɗannan garuruwa bayan da dubban mutane suka bi bayansu. Wanda yake da taswirar duniya a kusa ya ɗauko ta, don za ta yi amfani.

Su wane ne?

An haifi Tony a Ingila a shekarar 1946. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin jiragen sama ne. Saboda haka ya tashi a ƙasashe dabam-dabam, har da Pakistan da Amurka. Ya yi karatun injiniya, daga baya ya ƙara da na kasuwanci. Ita kuwa Maureen 'yar garin Belfast ce, a Ailan ta Arewa. Ta zo Landan neman aiki tana 'yar shekara 20. Sun haɗu a wani lambun shaƙatawa a shekarar 1970. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura musu aure.

A tsakiyar shekarar 1972 suka sayi wata tsohuwar ƙaramar mota a kan fam 65. Suka nufi gabas. Suka ratsa Turai, suka bi ta Turkiyya da Iran, har Afganistan. A can suka sayar da motar. Daga nan sai bas, sai jirgin ƙasa, sai duk abin hawan da suka samu. Suka wuce Pakistan da Indiya da Nefal. Suka shiga Tailan da Maleshiya da Singafo da Indunusiya. A tsibirin Bali suka sami wani ƙaramin jirgin ruwa da iska ke turawa. Shi ya haye da su zuwa gaɓar yammacin Ostareliya. Daga can suka yi ta tsayar da masu motoci suna rage musu hanya, tafiyar dubban kilomitoci, har Sidni.

Ina ne Kudu maso Gabashin Asiya?

Sa yatsanka a kan Nijeriya a taswira. Ja shi gabas. Za ka wuce Cadi da Sudan. Za ka tsallake Bahar Maliya da ƙasar Larabawa, ka sake tsallake teku, ka ratsa Indiya. Bayan Indiya, a kudu da ƙasar Sin, nan ne yankin da ake magana a kai.

Ƙasashe 11 ne a yankin. Akwai Bama, wadda ake kira Miyanma tun shekarar 1989. Akwai Tailan, Lawos, Kambodiya da Biyetnam. Akwai Maleshiya, Singafo, Burunai, Filifin, Indunusiya da Timor ta Gabas. Mutanen yankin sun haura miliyan 650. Indunusiya kaɗai tana da tsibirai fiye da 17,000. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Bankok, babban birnin Tailan, yana kan layi ɗaya da Damagaram a taswira. Zafin rana duk akwai shi. Amma ruwan saman da Bankok ke samu a shekara ya ninka na Damagaram sau uku ko fiye. Rana kuma tana riga fitowa a can. Idan ƙarfe 6 na safe ta yi a Kano, ƙarfe 12 na rana ta yi a Bankok.

Shinkafa ce abincinsu safe da rana da dare. A wasu wurare ana noma ta sau biyu ko sau uku a shekara. Shinkafar Tailan ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Nijeriya da Nijar.

Mene ne tafiya da jakar goyo?

Masu yawon buɗe ido iri biyu ne. Akwai mai kuɗi. Shi jirgin sama ke sauke shi, mota ta ɗauke shi zuwa babban otal, ya yi mako ɗaya ya koma gida. Akwai kuma mai jakar goyo. Shi kuɗinsa kaɗan ne, amma yana da lokaci.

Jakar goyo jaka ce mai maɗauri biyu. Ana rataya ta a kafaɗu, ta kwanta a baya kamar goyon yaro. Hannu biyu suna sake. Ba a neman ɗan dako. A ciki akwai 'yan tufafi, da sabulu, da tocila, da gorar ruwa, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da na gudawa. Abin da mutum ba zai iya ɗauka da kansa ba, sai ya bar shi a gida.

Takardu sun fi tufafi daraja. Akwai fasfo. Akwai biza, watau izinin shiga ƙasa. A wancan zamani akwai kuma katin rigakafin agana da kwalara, don sai a shekarar 1980 aka tabbatar an kawar da agana daga duniya. Waɗannan takardu da kuɗi ana zuba su a lalita, a ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin riga.

Babu wayar salula a lokacin. Babu intanet. Idan iyaye suna son aika wa ɗansu wasiƙa, sai su rubuta sunansa da sunan babban gidan waya na garin da zai biyo. Wasiƙar ta zauna a can tana jiransa. In ya iso ya nuna fasfo, a ba shi.

Babbar wahalar wannan tafiya ba nauyin jaka ba ce. Rashin sani ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Ya sauka a tasha da dare. Ina masauki mai araha? Nawa ne kuɗin mota na gaskiya, ba wanda ake faɗa wa baƙo ba? Wace rana jirgin fito ke tashi? Matafiya sukan gaya wa juna waɗannan abubuwa da baki idan sun haɗu a masauki. Wani ya manta, wani ya ƙara gishiri. Su kuwa Tony da Maureen sun riƙa rubuta abin da suka gani a littafin ajiye bayani.

Littafi na farko

A Sidni suka nemi aiki don su tara kuɗin komawa gida. Amma duk wanda suka haɗu da shi sai ya tsare su da tambaya. Ta ina kuka bi? Nawa kuka kashe? Me kuka ci? Ba ku yi ciwo ba? Da tambayar ta yi yawa, sai suka ga gara su rubuta amsa sau ɗaya.

Suka zauna a teburin cin abinci na gidan da suke haya. Suka buga bayanin da tafireta. Littafin shafi 94 ne, an ɗinke shi da 'yar waya a tsakiya. Sunansa Across Asia on the Cheap, watau ratsa Asiya da araha. Ya fito a shekarar 1973. Sun buga kwafi 1,500, kowane a kan dala 1 da sent 80. Cikin 'yan kwanaki ya ƙare, sai da aka sake bugawa.

Mai karatu ya gwada lissafin da kansa. Kwafi 1,500 sau dala 1 da sent 80 ya kama dala 2,700. Ba duka ne nasu ba, don maɗaba'a da masu kantin littattafai sun ɗebi rabonsu. Duk da haka akwai nisa tsakanin wannan da sent 27. Suka sa wa ɗan kamfaninsu suna Lonely Planet, watau duniya mai kaɗaici.

Tafiya ta biyu

A shekarar 1974 suka sake ɗaura kaya. Wannan karon Kudu maso Gabashin Asiya kawai suka nufa, kuma da niyyar rubuta littafi. Suka sayi babur ƙirar Yamaha. Miji yana tuƙi, mata tana baya, kaya a ɗaure. Suka yi kusan shekara guda a kan hanya.

Sun fara daga tsibirin Timor, wanda ke arewa da Ostareliya. A lokacin gabashin tsibirin yana hannun Turawan Fotugal. Sun zo a kan gaɓa. A shekarar 1975 Fotugal ta fice, a watan Disamba kuma sojojin Indunusiya suka mamaye wurin. Aka rufe ƙofa ga baƙi shekara da shekaru. Sai a shekarar 2002 Timor ta Gabas ta sami 'yancin kanta.

Daga Timor zuwa yamma tsibirai suna jere kamar 'ya'yan carbi. Akwai Flores, sai Sumbawa, sai Lombok, sai Bali, sai Jawa, sai Sumatra. A kan tudu a hau babur. A bakin ruwa a jira jirgin fito.

Bali da rabon ruwa

Bali ƙaramin tsibiri ne. Yawancin mutanen Indunusiya Musulmi ne, amma mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne. A bakin tekun kudu akwai wani gari mai suna Kuta. A farkon shekarun 1970 Kuta ƙauyen masunta ne da manoma, mai hanyoyin rairayi da itatuwan kwakwa. Wasu magidanta sukan ware ɗaki biyu ko uku a gidansu su ba baƙi haya. Irin wannan masauki sunansa losmen. Ƙaramar rumfar sayar da abinci kuma sunanta warung. A nan mai jakar goyo yake kwana, a nan yake cin soyayyar shinkafa.

Abin da ya fi dacewa manomi ya tsaya ya duba a Bali shi ne yadda suke raba ruwa. Tsakiyar tsibirin duwatsu ne masu tsawo. Gonakin shinkafa suna jikin duwatsun, hawa-hawa kamar matakala. Ruwa yana gangarowa daga sama ta magudanai da aka haƙa da hannu. Ya cika gonar farko, ya zuba a ta biyu, ya wuce ta uku. Idan na sama ya tare ruwan, na ƙasa ya shiga uku.

Saboda haka duk manoman da ke shan ruwa daga magudana ɗaya suna cikin ƙungiya ɗaya. Sunan ƙungiyar subak. Wannan tsari ya haura shekara 1,000. 'Yan ƙungiya suna zaɓen shugabansu. Suna taruwa a wurin ibadarsu su yanke ranar shuka. Suna yashe magudanai tare. Kowa yana samun ruwa daidai girman gonarsa.

To, me zai sa na sama ya yarda ya saki ruwa ga na ƙasa? Amsar tana wurin ƙwari da ɓeraye. Idan kowa ya yi shuka lokaci ɗaya, kowa zai yi girbi lokaci ɗaya. Bayan girbi duk gonakin yankin za su zama fayau na ɗan lokaci. Ƙwari su rasa abinci, su ragu. Amma idan na ƙasa ya rasa ruwa ya makara, to kullum akwai ɗanyar shinkafa a wani wuri. Ƙwarin su ƙoshi a can, su hauro gonar na sama. Ke nan na sama yana buƙatar na ƙasa, kamar yadda na ƙasa ke buƙatarsa.

A daidai shekarun da su Tony suka bi ta Bali, gwamnati ta kawo sabon irin shinkafa mai saurin nuna, da takin zamani, da maganin feshi. Aka ce kowa ya yi ta shuka ba tsayawa, ba sai ya jira ƙungiya ba. Da farko amfani ya ƙaru. Daga baya ƙwari suka yi yawa, suka cinye gonaki. A shekarun 1980 aka koma sauraron subak wajen tsayar da ranar shuka. A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsari cikin kayan tarihin duniya.

Jawa, ƙasar da atamfa ta samo asali

Daga Bali jirgin fito yana haye wa da mutum zuwa Jawa cikin kamar awa ɗaya. Jawa ta fi kowane tsibiri a duniya yawan jama'a. A tsakiyarta akwai garin Yogyakarta, wanda har yanzu yake da sarki mai laƙabin Sultan. Kusa da garin akwai Borobudur, wani ƙaton ginin dutse na mabiya addinin Buda. An gina shi fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Yogyakarta garin marina ne. Suna yin wani yadi mai suna batik. Mace ta narka kaki, ta zana fure a kan farin yadi da shi. Sai a tsoma yadin a rini. Inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. A cire kakin, zane ya fito. Lokacin da Turawan Holan ke mulkin Jawa, sun ƙera injin da zai kwaikwayi wannan aiki. Mutanen Jawa ba su so na injin ba. Sai 'yan kasuwa suka kai shi Afirka ta Yamma, ya sami karɓuwa. Asalin atamfa ke nan.

Akwai wani abin da zai ba Bahaushe mamaki a can. Ga yadda mutanen Indunusiya ke kiran ranaku: Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu. Karanta su a hankali. Litinin ce, da Talata, da Laraba, da Alhamis, da Juma'a, da Asabar. Suna ce wa duniya dunia. Suna ce wa sabulu sabun. Harshensu da Hausa duk sun aro waɗannan kalmomi daga Larabci.

Daga Sumatra zuwa Tailan

Sumatra ƙasar daji ce da duwatsu. A arewacinta akwai tafkin Toba, mai tsawon kilomita 100, da tsibiri a tsakiyarsa. Masu jakar goyo sukan huta a nan bayan wahalar hanya. A gefen titunan Sumatra da Maleshiya akwai gonakin roba da na kwakwar manja. Ita kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A shekarar 1848 aka dasa guda huɗu a wani lambu a Jawa. Yanzu Indunusiya da Maleshiya su ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya.

Daga garin Medan na Sumatra ana tsallaka teku zuwa tsibirin Penang na Maleshiya. Babban garinsa George Town. Turawan Ingila suka kafa shi a shekarar 1786. A nan Malay da 'yan Sin da 'yan Indiya suke zaune tare, kowa da abincinsa da wurin ibadarsa. A da, daga wannan gari maniyyata ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Sukan taru a unguwar wani tsohon masallaci suna jiran ranar tashi.

Daga nan hanya ta miƙe arewa zuwa Bankok. Birnin yana bakin kogi, kuma magudanai sun ratsa shi. A wasu kasuwanni mata a cikin kwalekwale suke kasa kayansu. A kan titi akwai babur mai ƙafa uku da suke kira tuk-tuk. Ɗan'uwan a-daidaita-sahu ne.

Arewa maso gabas da Tailan akwai Lawos, a hayin kogin Mekong. A lokacin babu gada, sai jirgin fito. Ita ma Lawos ta rufe ƙofarta bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a watan Disamba na 1975. Bama kuwa a lokacin bizar kwana bakwai kawai take bayarwa. Baƙo ya yi ta gudu daga gari zuwa gari kafin kwanakinsa su ƙare. Biyetnam da Kambodiya ba su shiga littafin ba, don ana yaƙi a can.

Ɗaki a Singafo

Singafo gari ne kuma ƙasa ce. Ta sami 'yancin kanta a shekarar 1965. Hukumominta ba sa wasa. A shekarun 1970, namijin da ya tara gashi har kafaɗa akan tsare shi a bakin iyaka. Ko dai ya yi aski, ko ya koma inda ya fito. Samari masu jakar goyo da yawa sun rasa sumarsu a nan.

A wani ƙaramin otal mai araha a lungun Singafo Tony da Maureen suka zauna. Suka baje takardunsu. Suka tsara gari bayan gari: ga wurin kwana, ga kuɗinsa, ga wurin cin abinci, ga motar da za a hau. Tony ya zana taswirorin da hannunsa. Littafin ya fito a shekarar 1975 da suna South-East Asia on a Shoestring. Ma'anarsa yawon Kudu maso Gabashin Asiya da ɗan guzuri ƙalilan. Bangonsa rawaya ne. Ba a daɗe ba aka riƙa ganinsa a hannun kusan kowane mai jakar goyo.

Abin da ya sami garuruwan

Littafin ya yi wa ƙananan mutane rana. Mai kuɗi babban otal yake biya, kuma sau da yawa mai otal ɗin ba ɗan garin ba ne. Shi kuwa mai jakar goyo kuɗinsa a hannun mai losmen yake faɗawa, da mai warung, da mai wanki, da mai kwalekwale. Ba ya kashe da yawa a rana, amma yana daɗewa. Gidaje da yawa da wannan kuɗi suka yi rufin kwano, suka sa 'ya'ya a makaranta.

A Bankok akwai wani titi mai suna Khao San. Ma'anar sunan gyararriyar shinkafa, don a da kasuwar shinkafa ce. Tsawonsa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba. A farkon shekarun 1980 mazauna titin suka fara ba baƙi hayar ɗaki. Kafin a ankara titin ya cika da masaukai da wuraren cin abinci da na sayar da tikiti. Masu abinci a ko'ina suka gane baƙin suna son wainar fulawa da ayaba. Har aka riƙa kiran hanyar gaba ɗaya hanyar wainar ayaba.

Amma akwai wani gefen. Idan littafi ya ce wuri kaza shiru ne, babu hayaniya, to kowa can zai nufa. Shirun ya ƙare ke nan. Idan ya yabi masauki, kuɗinsa ya tashi. Wani lokaci maƙwabci ya rubuta sunan masaukin a ƙofarsa don ya ruɗi baƙi.

Wasu wuraren abin ya wuce haka. Lawos ta sake buɗe ƙofa a ƙarshen shekarun 1980. Akwai wani ƙaramin gari a can mai suna Vang Vieng, a bakin kogi, tsakanin duwatsu. Baƙi suka ƙirƙiro wasa. Mutum ya zauna a cikin tiyub ɗin tayar mota, ruwa ya tafi da shi. Aka jera mashaya a bakin kogin. Samari da 'yan mata suka riƙa sha suna faɗawa ruwa. A shekarar 2011 kaɗai baƙi 27 aka ƙirga sun mutu. A shekarar 2012 gwamnati ta rufe mashayan. A Tailan kuma akwai wani lungun teku mai suna Maya. Bayan an nuna shi a wani fim a shekarar 2000, sai dubban mutane suka riƙa zuwa kowace rana. Jiragensu suka lalata murjanin da kifi ke hayayyafa a ciki. Hukuma ta rufe wurin a watan Yuni na 2018. Ba a buɗe ba sai a watan Janairu na 2022.

Ba daidai ba ne a ɗora wa littafi ɗaya duk wannan. An buɗe babban filin jirgin sama na Bali tun shekarar 1969. Kuɗin jirgi ya yi ta sauka. Gwamnatoci da kansu sun yi ta kiran baƙi. Littafin dai ya nuna ƙofa ne, kuma ya nuna ta ga mutane masu yawan gaske.

A Bali abin ya taɓa gona da ruwa. Kuta ta zama birni mai cunkoson motoci. Mai gona ya ga kuɗin da za a ba shi ya fi abin da shinkafa za ta kawo masa a shekaru da yawa. Ya sayar, ko ya ba da haya mai tsawo. Aka gina otal. A tsarin subak wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce. Gini ɗaya a tsakiya yana iya toshe magudanar da ke kai ruwa ga gonakin ƙasa. Masu yashe magudana suna raguwa, don samari sun tafi aikin otal. Otal kuma yana haƙa rijiya mai zurfi don wanka da wurin iyo, rijiyar maƙwabta ta ja baya.

Mutanen Bali miliyan 4 ne da 'yan kai. A shekarar 2019 baƙi fiye da miliyan 6 suka zo daga ƙasashen waje. Watau baƙi sun fi masu gida yawa. Sai cutar korona ta ɓulla a shekarar 2020. Jirage suka tsaya. A shekarar 2021 baƙin da suka sauka kai tsaye daga waje ba su kai 100 ba. Otal-otal suka rufe. Ma'aikata suka koma ƙauyukansu. Wasu suka kama noman shinkafa, wasu kamun kifi, wasu noman ciyawar teku. Wanda iyayensa suka riƙe gona ya sami abin komawa. Wanda aka sayar da tasu sai ya zauna jiran ranar da jirgi zai dawo.

Jiragen sun dawo. Tun daga watan Fabrairu na 2024 gwamnatin Bali tana karɓar rupiya 150,000 daga kowane baƙo na waje. Rupiya ita ce kuɗin Indunusiya, kuma wannan ya kai kamar dalar Amurka 10. An ce za a yi amfani da kuɗin wajen kare al'adu da muhalli.

Su kuwa Tony da Maureen a birnin Melbon na Ostareliya suka zauna. Kamfaninsu ya buga littattafai a kan kusan kowace ƙasa, kwafi fiye da miliyan 100. A shekarar 2007 suka sayar da kashi 75 cikin 100 ga wani reshe na BBC. A shekarar 2011 suka sayar da sauran.

Mai jakar goyo na yau a wayarsa yake duba masauki da kuɗin mota. Hanyar ma ta canja. An gina gada a kan kogin Mekong tsakanin Tailan da Lawos a shekarar 1994. A watan Disamba na 2021 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Vientiane, babban birnin Lawos, zuwa ƙasar Sin. Daga Vientiane zuwa tsohon garin Luang Prabang, tafiyar da mota ke yini tana hawa duwatsu, yanzu kamar awa biyu ce.